Zanen Yatsa a Jikin Yaɓe: Tsokaci daga Ƙasar Makoɗa

A ƙasar Sin akwai wata daɗaɗɗiyar fasaha ta zana duwatsu da koguna da itatuwa da yatsa tsirara, ba da alƙalamin gashi ba. Wanda ya fi shahara da ita shi ne Gao Qipei, wani ma'aikacin daular Qing da ya rasu a 1734. An ce har farcensa yake bari ya yi tsawo don fitar da siraran layuka. Da yake a takarda da siliki ya yi aikinsa, ga shi nan a gidajen tarihi har yau.

Bahaushe ma ya san zane da yatsa, sai dai allonsa ɗanyen yaɓe ne. A ƙauyukan Makoɗa, kamar sauran karkarar arewacin Kano, rani ne lokacin gini. Idan an yaɓe bango da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sai a bi shi da yatsu ana jan layuka masu lanƙwasa, tun ƙasar ba ta sha iska ba. Wannan gaggawa ita ta tsara kamannin zanen: hannu ba ya tsayawa, gyara kuwa sai an sake yaɓe. Ba a zana daji ko tsauni. Abin da ake fitarwa siffofi ne masu maimaituwa, waɗanda a birni suka bunƙasa har suka kai ga dagi.

Manazarta sun fi karkata ga birni. An yi rubutu mai yawa a kan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma a 1963 Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafinsa kan gidajen Zariya masu ado. A ganina wannan karkata ta sa an ɗauki adon bango tamkar mallakar fada da attajirai, alhali manomi ma yana ƙawata zaurensa, sai dai ba ya sa hannu da suna.

A nan matsalar mai tarihi take. Zanen da ke waje damina ke cinye shi, ko da an shafe shi da makuba, don haka da wuya bango ya ba da shaidar shekara hamsin. Ga shi kuma tun bunƙasar arzikin man fetur a shekarun 1970 bulo da siminti suke ta korar tubali. Shaidar da ta rage tana cikin tsofaffin ɗakuna, da kuma bakin dattawan magina, waɗanda ya kamata ɗalibanmu su je su ɗauki bayanansu tun suna raye.