Daga Tamanrasat zuwa Cirozerin: tarihin zuciya da abin da take so

Hanyar da ta tashi daga Agadez ta yi arewa, ta bar Imuraren a gefe ta shiga Arlit, ba nan ta tsaya ba. Ta wuce Asamaka, ta ƙetare iyaka a In Gezam, har ta kai Tamanrasat cikin duwatsun Ahaggar na ƙasar Aljeriya. Mun san ta da iraniyom da fatauci da ƴan ci-rani. Amma akwai wani tarihi da ya biyo ta daga arewa zuwa kudu, wanda ba a cika karantar da shi a lakkol ba: tarihin wasu Kiristoci ƙalilan da suka zauna cikin Abzinawa, da tambayar da ta kawo su, watau yaya mutum zai gane, cikin abubuwan da ransa ke so, wanne ne nufin Allah, wanne ne son zuciya. A koyarwar Kirista ana kiran wannan aiki rarrabewa. Wanda ya fara kawo tambayar wannan yanki shi ne Charles de Foucauld.

An haife shi a Strasbourg ta Faransa a 1858, ya zama maraya yana ɗan shekara 6, kakansa ya rene shi. Tun yana saurayi ya bar addini. Ya shiga makarantar soja ta Saint-Cyr a 1876, kuma da kakan ya rasu a 1878 ya gaji dukiya mai yawa, ya shiga watanda da ita wajen ci da sha da shagali. A makarantar sojan doki ta Saumur ya fito na 87 cikin ɗalibai 87. A 1881, yana aiki a Setif ta Aljeriya, aka dakatar da shi saboda rashin ɗa'a da kuma wata mace da ya ƙi rabuwa da ita. Wannan shi ne so na farko, son daɗi.

So na biyu shi ne son suna. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 ya ratsa ƙasar Maroko cikin shigar Bayahude, tare da wani malamin Yahudawa mai suna Mardochée Aby Serour, yana auna hanyoyi da duwatsu a ɓoye. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885. Sai dai tafiyar ta bar masa wani abin da bai je nema ba. Ya ga Musulmi suna tsayar da salla a ko'ina lokaci ya riske su, kuma a wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Henry de Castries a 1901 ya shaida cewa ganin imaninsu ya girgiza shi ƙwarai, ya nuna masa akwai abin da ya fi hidimar duniya girma. A ƙarshen Oktoba 1886 ya shiga majami'ar Saint-Augustin ta Paris wajen wani limami mai suna Henri Huvelin, da niyyar yin tambayoyi kan addini. Limamin ya ce ya durƙusa ya furta zunubansa. Daga ranar har rasuwar Huvelin a 1910, shi ne jagoran ransa.

Sunan majami'ar ya dace da lamarin. Augustin, wanda aka haifa a 354 a garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau, ya koyar da cewa ɗan Adam abin da yake ƙauna ne ke jan sa, kuma ɓata tana zuwa ne idan ya fifita ƙaramin abu a kan babba. Ke nan aikin bangaskiya shi ne ta jera ƙaunar mutum bisa tsari, ta mai da kowace matsayinta. Rayuwar Foucauld ta gaskata wannan. Zafin ran da ya kai shi shagali, ya kai shi Maroko, shi ne dai ya bi shi cikin tuba. Hali zanen dutse ne. Alƙibla ce ta sake.

A nan ne wahalar take, domin mai sabuwar tuba yakan ɗauka duk abin da ya ɗarsu a ransa daga Allah ne. A 1890 Foucauld ya shiga ƙungiyar masu zuhudu da ake kira Trappistes, aka kai shi gidansu mafi talauci a Akbes ta ƙasar Sham. Bai daɗe ba ya ga talaucin bai ishe shi ba, ya zauna ya tsara dokokin wata sabuwar ƙungiya da yake son kafawa. Huvelin ya karanta, ya amsa masa a 1896 cewa dokokin ba masu biyuwa ba ne, ya kuma roƙe shi kada ya kafa kome, kada ya shugabanci kowa. Foucauld ya jira. Shugabanninsa suka tura shi karatu Roma, ya tafi ba da son ransa ba, sai a Janairu 1897 suka sallame shi da kansu. Ya yi shekara 3 yana dakon gida da aike a wajen wasu mata masu zuhudu a Nazarat. A 1900 kuma ya ƙudura sayen tudun da ake cewa a kansa Yesu ya yi wa'azi, don ya zauna can shi kaɗai. Huvelin bai goyi baya ba, cinikin ma ya lalace. Mai karatu ya lura: babu ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu da ke mugu a kan kansa. Abin da jagoran yake dubawa shi ne ko cikin son ƙasƙanci ba a ɓoye son ficewa daga tsara ba.

An naɗa shi limami a 1901, ya zauna a Beni Abbas kusa da iyakar Maroko, inda ya fanshi wasu bayi, ya kuma rubuta wa shugabansa na addini yana la'antar yadda hukumar Faransa ta kau da kai daga bauta. Burinsa ya koma Maroko, ƙofa ba ta buɗe ba. A Agusta 1905 ya sauka Tamanrasat da yardar Musa ag Amastan, sarkin Abzinawan Ahaggar. Ya zo da niyyar bayarwa: magani, allura, hatsi, wa'azi. A 1907 aka yi fari, ya rabar da abin da ya tanada, a farkon 1908 ciwo ya kayar da shi har ya fid da rai. Maƙwabtansa Musulmi, waɗanda su ma yunwa ke ci, suka bi rugage suna neman awakin da suka rage da ɗan nono, suka shayar da shi har ya tashi. Marubuta tarihinsa da dama suna ɗaukar wannan a matsayin tuba ta biyu. Wanda ya zo ya bayar ya koyi karɓa, kuma a shekarun da suka biyo baya ya ƙara ba da ƙarfi ga zaman amana da abota.

Abin da ya fi jan hankalin malamin harshe shi ne inda ƙwazonsa ya koma. Ya duƙufa kan harshen Tamashek, ya tara waƙoƙin Abzinawa kimanin baiti 6,000 ya fassara su, ya rubuta ƙamus mai shafi fiye da 2,000 da hannunsa, wanda aka buga cikin juzu'i 4 a 1951 da 1952. Mutumin da ya ratsa Maroko don suna, ya nace kada a sa sunansa a kan aikin. Littafin nahawun da ya fito a 1908 sunan abokinsa Motylinski yake ɗauke da shi, wanda ya rasu a 1907. Har ya bar duniya bai samu mabiyi ko ɗaya da ya zauna tare da shi ba.

Tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi inda idonsa bai kai ba. Foucauld ya rayu ya mutu yana ganin mulkin Faransa alheri ne ga Sahara in an gyara shi. Abokansa hafsoshi ne, yana aika musu labarin abin da ke gudana, kuma a cikin ganuwar da ya gina a Tamanrasat an ajiye bindigogi. A ƙofarta aka harbe shi ran 1 ga Disamba 1916, lokacin da wasu mahara masu alaƙa da Sanusiyya suka kama shi. Cikin watan nan ne Kawsan ya kewaye barikin Faransawa a Agadez da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har zuwa Maris 1917, kuma ramuwar da sojan Faransa suka yi ta ci rayukan jama'a da malamai masu yawa. Mutum yana iya tace son ransa na ɗaka, son ran al'ummarsa ya shige masa duhu. Masanin Aljeriya Ali Merad, Musulmi, ya auna mutumin da ma'aunin Musulunci cikin littafin da ya buga a 1975, ya yaba zuhudunsa ba tare da ya rufe ido ga zamaninsa ba. Ikkilisiyar Katolika ta sa shi cikin tsarkakanta ran 15 ga Mayu 2022.

Bayan mutuwarsa ne irin ya tsira. An kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu maza a 1933, ta mata a 1939, kuma matan sun zo sun zauna cikin makiyayan Nijar. A Cirozerin, arewa da Agadez, wani matashin limami mai suna Jean Ploussard ya aza harsashin mishan cikin Abzinawa, ya rasu a 1962 bai kai shekara 35 ba. Littafin da yake rubuta sirrin ransa a ciki, wanda aka buga a 1964 da sunan Carnet de route, ya nuna mutum mai kokawa da sha'awarsa da rauninsa ba tare da ɓoyewa ba. Mishan ɗin ya shahara da lakkol da gidan magani na makiyaya. Hippolyte Berlier kuwa, bishop na farko na Yamai tun 1961, ya ajiye muƙaminsa a 1984 ya koma zama cikin Abzinawa, ya rasu a Agadez a 1992. Barin kujera da ƙafar mutum ba abu ne da muka saba gani ba, a addini ko a mulki.

Sa'an nan zamanin iraniyom ya zo da nasa buri. An kafa SOMAÏR a 1968, COMINAK a 1974, Arlit da Akokan suka tsiro cikin hamada, kwal ɗin Cirozerin ya riƙa ba su wuta. Cikin ma'aikatan da suka zo daga Faransa da Benin da Togo da Burkina akwai Kiristoci, waɗanda tun 2001 suke ƙarƙashin bishop na Maraɗi. Imuraren, da aka gano arzikinta a 1966, aka sa hannu kan haƙarta a 2009, ta zama mafarkin samari masu yawa, sai aikin ya tsaya bayan faɗuwar farashi, aka kuma janye lasisin kampanin Orano a Yuni 2024. COMINAK ta rufe ran 31 ga Maris 2021. Iyalai da yawa sun ga abin da suka ɗora rai a kansa ya kuɓuce.

Malamin da ke gaban aji a Arlit ko Agadez, Musulmi ne ko Kirista, da masu buri yake hulɗa kullum. Tarihin nan bai ce a kashe burin yaro ba, domin ƙwazon da ya lalatar da gadon Foucauld shi ne ya rubuta ƙamus. Abin da ya nuna shi ne yadda aka gwada burin: an ba shi lokaci, an kai shi gaban wani mai iya cewa a'a, an kuma auna shi da halin mutanen da zai shafa. Gwaji na ukun ne Foucauld ya ci rabi ya faɗi rabi, kuma shi ne ya fi wuya a garin da albashin wasu da lafiyar wasu suke fitowa daga rami ɗaya.