Me ke sa ƙarfe ya gaji a wurin walda?

A ranar 27 ga watan Maris na 1980 ne dandamalin Alexander Kielland, wanda ma'aikatan haƙar mai ke kwana a cikinsa, ya kife a Tekun Arewa, cikin yankin ruwan ƙasar Norway. Mutane 123 ne suka rasa rayukansu daga cikin 212 da ke ciki.

Binciken da aka gudanar ya gano cewa musabbabin hatsarin wata 'yar walda ce mai kaurin milimita 6, wadda aka liƙa wata na'ura da ita a jikin ɗaya daga cikin tokaran dandamalin. Daga nan tsaga ta faro, igiyar ruwa ta yi ta buɗa ta sannu a hankali, har tokaren ya karye, ƙafa guda ta ɓalle.

Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Nauyin da bai kai ya karya ƙarfe a lokaci guda ba yana iya tsaga shi idan ya yi ta hawa yana sauka sau miliyoyi, kamar yadda ake yi wa gadoji da jiragen ruwa.

Abin mamakin shi ne, sayen ƙarfe mai matuƙar ƙwari ba ya maganin matsalar. Bakin walda, wato inda ta haɗu da jikin ƙarfen, yakan kasance da kaifi da 'yan kurakuran da ido ba ya gani, kuma idan waldar ta huce sai ta takure, ta bar wurin a ɗame. A irin wannan hali tsaga na tafiya kusan daidai a cikin ƙarfe mai tsada da mai araha.

Shi ya sa ake gyara bakin waldar bayan an gama aiki. Akan goge shi da injin gurza ƙarfe, ko a sake narkar da shi ya yi sumul.

Dabarar da ta fi jan hankalin masana ita ce ta dandaƙa wurin da wata 'yar guduma mai bugu fiye da sau 90 a daƙiƙa guda, wadda ta samo asali daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Bugun yana danne ƙarfen ta yadda tsaga ba ta samun damar buɗewa, kuma gwargwadon ƙwarin ƙarfe gwargwadon amfanin da ake samu. A shekarar 2016 Cibiyar Walda ta Duniya, IIW, ta fitar da ƙa'idojin aiki da ita.

Sai dai gudumar ba ta isa cikin gindin walda, saboda haka tsagar da ta faro daga can ba ta da magani ta wannan hanya.