Asalin Dangin Aktin a Jikin Ɗan Adam

A 1941, yaƙin duniya na biyu yana ci, akwai wani ɗakin bincike a garin Seged na ƙasar Hangari. Mai ɗakin shi ne Albert Szent-Györgyi, wanda ya ci kyautar Nobel a 1937. Aikinsu a kan tsokar zomo yake. Sukan niƙa ta, su jiƙa a ruwan gishiri, su tace furotin ɗin nan mayosin, wanda aka sani tun 1864. To, sai wata mai bincike a ɗakin, Ilona Banga, ta lura cewa in jiƙon ya yi minti 20 sai ya fito tsararo, in kuwa ya kwana sai ya yi kauri. Ashe wani furotin ne dabam yake biyo mayosin in an daɗe. A 1942 wani matashi, Brunó Straub, ya ware shi, aka raɗa masa suna aktin.

Shekara da shekaru ana zaton na tsoka ne kaɗai, sai a 1966 Hatano da Oosawa na Japan suka same shi a wata halitta mai yauƙi wadda ba ta da tsoka ko kaɗan. Daga nan aka gane cewa zaruruwansa suna cikin abin da ke tokare ƙwayar halitta daga ciki, su ba ta siffa, su motsa ta.

A 1978 kuma Vandekerckhove da Weber suka nuna a Jamus cewa aktin ɗin dabbobi masu shayarwa iri 6 ne. Yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi kuwa ƙwayar gadon aktin ɗaya tak gare shi. Yadda masana suka bi salsalar, ƙwayar gado ɗaya irin wannan ce ta riƙa kwafuwa tun zamanin da, kowane kwafi ya ɗan sauya ya kama wurin zamansa. A jikin ɗan Adam, ƙwayar gadon da ake kira ACTA1 tana tsokar gaɓoɓi, ACTC1 tana zuciya, ACTA2 ta zauna a bangon jijiyoyin jini, ACTG2 a hanji. ACTB da ACTG1 su ba su zaɓi gida ba, kusan ko'ina suna nan.

Waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi ba ni mamaki. Cikin amino asid 375, guda 4 kawai suka raba furotin ɗinsu. Duk da haka ɗaya ba ta cika ɗaukar wa ɗaya aiki ba: in ACTG1 ta samu tangarɗa, mutum yakan kurmance a hankali, alhali 'yar uwarta tana nan lafiya lau.

Maƙwabcin aktin, tirofomayosin, wanda ke kwance a jikin zarensa, shi wata hanya ya bi ya yawaita. Ƙwayoyin gadonsa 4 ne kacal, amma suna fitar da iri sama da 40. Saƙon da ƙwayar gado ta aika shi ake yankawa a harhaɗa, kamar tela da yadi ɗaya, wannan ya ce riga, wancan ya ce wando: tsoka ta ɗauki waɗansu yankuna, ƙwaƙwalwa ta ɗauki waɗansu. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano a 1977 cewa saƙon a yanke yake zuwa, aka ba su kyautar Nobel a 1993.