Ƙarfen da Aka Tatso daga Narkakken Gishiri

A shekarar 1884, da Amurkawa suka kammala hasumiyar tunawa da George Washington, sai suka ɗora mata ɗan tsini na alminiyum wanda bai kai kilo 3 ba. Kece raini ne a lokacin, don farashin ƙarfen yana kafaɗa da kafaɗa da na azurfa. Ƙasa kuwa cike take da shi. Matsalar ita ce ya rungumi iskar oksijin ya ƙi saki, kuma farin garinsa, alumina, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000.

Samari biyu suka warware ƙullin a 1886, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba: Charles Martin Hall a garin Oberlin na Amurka, da Paul Héroult a Faransa. Wani ikon Allah, dukansu an haife su a 1863, suka kuma mutu a 1914.

Dabararsu wani gishiri ne mai suna kirayolait, wanda a lokacin ake haƙowa a Ivittuut cikin Girinlan. Gishiri muddin yana daskare, ƙwayoyinsa masu caji a ɗaure suke, lantarki ba ya samun hanya. Da ya narke sai su sami sake, su shiga kai da komo, su ne ma ke dakon wutar. Narkakken kirayolait yana shanye alumina kamar yadda shayi ke shanye sukari, a zafin kusan digiri 960 kawai. Ana sakin lantarki sai ruwan ƙarfe ya kwanta a gindin tukunya, oksijin kuma ya bi sandunan kabon da aka tsoma a ciki yana cinye su sannu a hankali.

Sai dai tukunyar akwai ta da cin wuta. Shi ya sa masana'antar ke bin madatsun ruwa: Edéa a Kamaru tun 1957, sai Tema a Gana, wadda ta jingina da wutar Akosombo daga 1967.

Wahalar duk a raba alminiyum da oksijin take. Ƙarfen da aka riga aka tace digiri 660 ya ishe shi narkewa. Masu zubin tukwane a Kano da Maraɗi gawayi da zugazugi kawai suke sa wa tsofaffin gwangwanaye da fistin ɗin mota, su tsiyaye ruwan cikin zubin yashi, tukunyar biki ta fito.