Ganye a Kan Gudiro: Wa Ke da Alhakin Kare Wanda Ya Tsaya a Bakin Hanya?

Mutumin Gecheme da ya haura zuwa babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, ya san ma'anar reshen itace a kan gudiro: mota ta lalace a gaba. Yaron mota ne ya sauko ya karyo ganye ya jera, wani lokaci ya haɗa da duwatsu. Dabara ce mai amfani, amma ta ɗora nauyin duka a kan wanda tsautsayi ya faɗa wa. Mai wucewa kuwa, in ya ga dama ya sassauta, in bai ga dama ba ya taka wuta.

A Amurka an juya wannan lissafi ne bayan wani hatsari. A 1994, a jihar Karolina ta Kudu, mota ta buge James Garcia, ma'aikacin agajin gaggawa, yana tsakar taimakon mutane a wurin hatsari, sannan aka ce shi ne mai laifi. Ya yi ta fafutuka har jihar ta kafa doka a 1996, kuma zuwa 2012 duk jihohi 50 sun bi sahu. Ƙashin bayan dokar shi ne, direban da ya hango motar ƴan sanda ko ta ɗaukar marasa lafiya ko ta ƴan kwana-kwana a tsaye da fitilarta a kunne, wajibi ne ya koma layi na gaba, in babu hali ya rage gudu. Faransa ta shigar da irin wannan cikin dokar hanyarta a watan Satumba 2018, da tarar Yuro 135, wajen jika 88 na kuɗin sefa.

Sai dai ba a kwaso doka kamar buhun gero. Umarnin komawa layi na gaba an yi shi ne don titin da ke da layi biyu ko uku masu tafiya gefe ɗaya. Tsakanin Dosso da Dutsi layi biyu ne kacal, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa. Wanda ya kauce wa tirelar da ta tsaya ya shiga hannun mai tahowa ke nan, ga amalanken shanu da ƴan kabu-kabu a gefe, musamman ranar kasuwa. Don haka a nazarina, rabin dokar na biyu, wato rage gudu, shi ne namu.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cinye mita 25 a kowace daƙiƙa. In ganyen farko yana mita 30 daga motar da ta lalace, kafin direba ya ɗaga ƙafa ya kai ga birki ya kusa isa wurin. Da dare abin ya fi muni, domin ganye ba ya ƙyalli, ba kamar alamar nan ja mai kusurwa uku ba. Kuma sau da yawa a gyara mota a tafi a bar duwatsun, su zame wa mai babur tarko.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ke tsaye a wurin. Akwai jandarman da ke awon hatsari da malamin asibitin da ke ɗora mai rauni, akwai bakaniken da ke kwance ƙarƙashin mota ƙafafunsa a kan titi, sai kuma mutanen ƙauye, waɗanda su ne ke fara rugowa kafin kowace hukuma ta iso. Dokar da za ta kare motoci masu jiniya kaɗai ta bar mafi yawansu a fili. Wasu jihohin Amurka ma daga baya sun faɗaɗa tasu ta haɗa kowace mota da ta lalace.

Nijar na da dokar hanya ta 2014, tana kuma da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER. Kirana ga hukumar da ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Dutsi da Tibiri shi ne a mayar da sassauta gudu kusa da motar da ta tsaya ƙa'ida bayyananna mai tara, a koyar da ita kafin a ba da lasisi, a kuma riƙa faɗarta da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyon karkara.