Love Canal: Yadda ramin dagwalo ya koma unguwa

A shekarun 1890, wani ɗan kasuwa mai suna William T. Love ya ƙudiri aniyar haƙa mashigin ruwa daga kogin Niagara a jihar New York ta Amurka, domin samar da wutar lantarki ga sabon birnin masana'antu da yake mafarkin ginawa. Kafin aikin ya yi nisa, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1893, masu zuba jari suka janye. Daga baya kuma aka gano dabarar kai lantarki wurare masu nisa, masana'antu suka daina bukatar zama a bakin kogi. Abin da ya rage shi ne dogon rami wanda ruwan sama ya cika, yara na iyo a ciki.

A 1942 kamfanin haɗa sinadarai na Hooker ya fara zuba dagwalonsa a ramin. Cikin shekara goma ya binne kimanin tan 21,000, akasari a cikin gangunan ƙarfe. Yanayin ƙasar wurin ne ya sa ake ganin ya dace da wannan aiki. A sama akwai rairayi da laushin ƙasa marasa kauri, waɗanda ruwa ke ratsawa cikin sauƙi. Ƙarƙashinsu akwai yumɓu mai kauri, sai shimfiɗaɗɗen dutse can ƙasa. Yumɓu ba ya barin ruwa ya wuce sai da ƙyar, don haka aka ɗauka cewa abin da aka zuba zai tsaya inda yake. Da ramin ya cika sai aka rufe shi da ƙasa, ciyawa ta tsiro.

A 1953 Hooker ya sayar wa hukumar ilimin garin Niagara Falls filin a kan dala ɗaya, ya kuma rubuta a takardar ciniki cewa akwai dagwalo a binne, ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. Garin na bunƙasa, ana neman fili ido rufe. Aka gina makarantar firamare a wurin, ta buɗe a 1955. Gidaje suka biyo baya. Masu shimfiɗa bututun lambatu da masu yin tituna suka riƙa huda bangon yumɓun da murfin da aka yi wa ramin.

Daga nan yumɓun da aka dogara da shi ya zama tushen matsalar. Ruwan sama na shiga ta sama, amma ba shi da mafita ta ƙasa, kamar randar da ake ta zuba wa ruwa har ta tumbatsa. Gangunan suka yi tsatsa suka fashe, ruwan ya gauraye da guba, ya taso har ya kai ga rairayin da ke sama, ya bi ta cikinsa da kuma hanyoyin bututu zuwa gidajen mutane. Bayan dusar ƙanƙara mai yawa da ta sauka a farkon 1977, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ƙara tasowa. Baƙin ruwa mai wari ya riƙa tsattsafowa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ganguna suka leƙo a bayan gidaje, shuke-shuke suka bushe. Gwaje-gwaje sun gano sinadarai fiye da 200, ciki har da benzin da kuma dayoksin, wanda ke cikin mafiya haɗari.

Wata matar aure, Lois Gibbs, wadda ɗanta ke makarantar, ta bi gida-gida tana haɗa kan maƙwabta. Masaniyar kimiyya Beverly Paigen ta taimaka musu, inda bincikenta ya nuna cewa ɓarin ciki ya fi yawa a gidajen da aka gina a kan tsofaffin hanyoyin ruwa da aka cike da ƙasa. Jami'an jihar sun yi jayayya da wannan sakamako. Tun kafin wannan bincike, a watan Agustan 1978 kwamishinan lafiya na jihar ya ba da shawarar a kwashe mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyu, Shugaba Jimmy Carter kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci. Aka fara da iyalai 239. Bayan doka ta biyu a 1980 adadin ya haura 900.

A watan Disambar 1980 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar Superfund, wadda ke tilasta wa wanda ya gurɓata wuri biyan kuɗin gyaransa. A 1995 kamfanin Occidental, wanda ya sayi Hooker, ya amince ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129.

Ba a tono dagwalon ba, domin tono shi ya fi barinsa haɗari. An kewaye ramin da magudanar ƙarƙashin ƙasa mai tara gurɓataccen ruwa a tace shi, an lulluɓe eka 40 da yumɓu da leda mai kauri, an kuma zagaye wurin da shinge. A 2004 aka cire shi daga jerin wuraren Superfund, amma har yau ana tace ruwan, ana kuma auna rijiyoyin gwaji da ke kewaye da shi.