Zazzaɓin dengue mai tsanani ga yara

Zazzaɓin dengue, wanda ake furtawa denge, cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, kuma sauro nau'in Aedes ne ke ɗauko ta daga jikin mai cutar ya sa wa mai lafiya. Mafi yawan waɗanda suka kamu da ita ba sa nuna wata alama, ko kuma su yi zazzaɓi na 'yan kwanaki su warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kaɗan daga cikinsu kan shiga mataki mai tsanani, inda ruwan jini ke tsiyayewa daga jijiyoyi. Wannan mataki shi ne ke kai yara da matasa gadon asibiti, kuma shi ne ke yin kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 100 zuwa miliyan 400 ke kamuwa da cutar a kowace shekara, kuma kusan rabin al'ummar duniya na zaune a yankunan da ake iya kamuwa da ita.

Yadda take yaɗuwa

Ƙwayar cutar iri huɗu ce. Wanda ya kamu da iri ɗaya yakan sami kariya daga wannan irin na tsawon rayuwarsa, amma kariyarsa daga sauran ukun ta ɗan lokaci ce kawai. Babban mai yaɗa ta shi ne sauron Aedes aegypti, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda kuma shi ke yaɗa cutar shawara a birane. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yamma kafin faɗuwar rana. Yana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta a randa, tulu, duro, jarka, gwangwani da tsoffin tayoyin mota, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe sannan ya ƙyanƙyashe idan ruwa ya taɓa shi. Bayan sauro ya ciji mai cutar, ƙwayar kan yi kwana 8 zuwa 12 a jikinsa kafin ya iya sa wa wani.

Alamomi da matakan cutar

Alamomi kan bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizo. Ana farawa da zazzaɓi mai zafi da kan kai maki 40 a ma'aunin Selsiyos, da ciwon kai, ciwo a bayan ido, ciwon gaɓoɓi da tsoka, tashin zuciya, amai da ƙuraje. A jikin jarirai da ƙananan yara sau da yawa zazzaɓi da ƙuraje kaɗai ake gani.

Mataki mafi haɗari yana zuwa ne tsakanin kwana na 3 da na 7, daidai lokacin da zafin jiki ya fara sauka, kuma yakan ɗauki awa 24 zuwa 48. Iyaye kan ɗauka yaro ya sami sauƙi, alhali a lokacin ne ruwan jini ke fita daga ƙananan jijiyoyi yana taruwa a ciki da ƙirji. Alamomin gargaɗi sun haɗa da matsanancin ciwon ciki, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo ko jini daga dasashi, jini a amai ko a bayan gida, numfashi da sauri, sanyin hannu da ƙafa, kasala mai yawa ko rashin natsuwa. A rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009, cutar ta kasu gida uku: dengue marar alamar gargaɗi, dengue mai alamar gargaɗi, da dengue mai tsanani.

Abin da ke kashe yara a asibiti

Babban sanadin mutuwa shi ne durƙushewar zagayawar jini. Idan ruwan jini ya tsiyaye da yawa, abin da ya rage a jijiyoyi kan yi kauri, bugun jini ya yi rauni, gaɓoɓi su rasa isasshen jini. Idan wannan hali ya daɗe ba a magance shi ba, hanta da ƙoda kan lalace, zubar jini ta cikin hanji ta biyo baya. Jijiyoyin yara sun fi na manya saurin tsiyayar da ruwa, shi ya sa suka fi saurin faɗawa wannan hali.

Kamuwa karo na biyu da wani iri dabam na ƙara haɗarin, domin garkuwar da jiki ya gina a karon farko, maimakon ta kashe sabon irin, takan taimaka masa shiga ƙwayoyin jiki. Irin wannan kan faru da jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya tun a kamuwarsu ta farko, idan sun gaji garkuwar daga uwar da ta taɓa yin cutar kuma garkuwar ta fara raguwa. Ciwon sikila, asma, ciwon suga da ƙiba su ma suna ƙara haɗarin.

Sauran dalilan sun shafi kulawa: jinkirin kai yaro asibiti, ɗaukar cutar a matsayin maleriya ko taifod, shan asfirin ko ibuprofen waɗanda ke ƙara zubar jini, da kuma ƙarin ruwa fiye da kima. Bayan matakin haɗari ya wuce, ruwan da ya tsiyaye yakan koma jijiyoyi, don haka idan aka ci gaba da ƙarin ruwa a lokacin sai ya taru a huhu ya hana numfashi. Inda ba a sami kulawa ba, dengue mai tsanani na iya kashe sama da kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka kai wannan mataki. Inda aka gane ta da wuri aka kula da ita yadda ya dace, adadin kan sauka ƙasa da kashi 1.

Tarihi

An fara ganin annobar nau'in mai tsanani a birnin Manila na ƙasar Filifin a 1953 da 1954, sannan a Bankok na Tailan a 1958, kuma yawancin waɗanda ta kwantar yara ne. A Kuba, annobar 1981 ta kama mutum sama da 340,000, ta kashe 158, daga cikinsu 101 yara ne. A 2023 Bangladesh ta sami mutum 321,179 da cutar ta kai asibiti, 1,705 suka rasu. A shekarar ce kuma Burkina Faso ta yi fama da annobar da ta kashe sama da mutum 700. Birnin Jidda, mashigar alhazai, yana fama da cutar tun 1994.

A Najeriya da yankin Sakkwato da Zamfara

An fara gano ƙwayar dengue a Najeriya a jinin masu zazzaɓi a Ibadan cikin shekarun 1960. A watan Disamba na 2023, Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Najeriya, NCDC, ta sanar da ɓullarta a Jihar Sakkwato. Mutum 71 ne ake zargin sun kamu, gwaji ya tabbatar da 13, kuma babu wanda ya rasu har lokacin sanarwar. Ƙananan hukumomin da abin ya shafa su ne Sakkwato ta Kudu, Wamakko da Dange Shuni.

Dange Shuni na kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Gusau, wadda ta ratsa Talata Mafara. Ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun na cikin yankin noman rani na madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato. Ruwan fadamu da gonakin shinkafa ya fi dacewa da sauron Anopheles mai yaɗa maleriya, shi kuwa Aedes ruwan ajiya na cikin gida ya fi so. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya nuna cewa sama da kashi 30 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Zamfara da Sakkwato na ɗauke da ƙwayar maleriya. A irin wannan yanki, yaro na iya kamuwa da cututtukan biyu lokaci guda, kuma samun maleriya a gwaji na iya sa a daina neman wata cutar. Manyan asibitocin da ake tura marasa lafiya daga yankin sun haɗa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Gwaji da magani

A kwanakin farko ana gano cutar da gwajin NS1 ko na PCR, daga baya kuma da gwajin garkuwa na IgM. Babu wani magani da ke kashe ƙwayar. A gida ana ba da farasitamol, hutu, da abin sha mai yawa kamar ruwan gishiri da suga. Yaron da ya nuna ko da alamar gargaɗi ɗaya ana kwantar da shi. A asibiti ana yawan auna kaurin jini, bugun jini, yawan fitsari da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ana ƙarin ruwa daidai da nauyin yaro, ana rage shi da zarar ya farfaɗo. Ƙarin jini sai idan an sami zubar jini mai yawa.

Rigakafi

Hanya mafi inganci ita ce hana sauro wurin haihuwa: rufe randa da duro, zubar da ruwansu da goge cikinsu kowane mako, da kawar da tayoyi da gwangwanaye kafin damina. Gidan sauro na dare bai wadatar ba tunda cizon na rana ne, amma yana kare jariri mai barcin rana, yana kuma hana sauro cizon majinyaci ya kai wa wasu. Allurar rigakafi ta farko, Dengvaxia, an taƙaita ta ga waɗanda suka taɓa kamuwa, bayan da aka gano a 2017 cewa tana ƙara haɗari ga wanda bai taɓa yin cutar ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin amfani da allurar Qdenga ga yara masu shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi yawa.